Daga Rumfar Kasuwa: Waƙafin da ya kusa sa ni cin haƙƙin marayu

Gaisuwa daga Abu Hujar, bakin kogi, kudu da Sinja a kan hanyar Damazin. Abin da na zo da shi yau ya daɗe yana ci mini rai, har na yi ta shawara da zuciyata ko in faɗa ko in rufa wa kaina asiri. Na ga rufa asirin ba zai amfani kowa ba, tunda ramin da na faɗa yana nan a buɗe a gaban duk wanda ya fara mayar da lissafinsa cikin waya ko kwamfuta.

Sana'ata kun san ta. Ina sayen riɗi da dawa a hannun manoma, ina ba da bashi da damina a biya da kaka, wasu kuma su bar mini kayansu ajiya in sayar musu in farashi ya yi kyau. Shekara da shekaru duk wannan yana cikin daftari mai baƙin bango, da rubutun hannuna. Da yaƙi ya iso Sinja a ƙarshen watan Yuni na 2024 muka fita kamar yadda kowa ya fita, da abin da hannu zai iya ɗauka, muka nufi Gadarif. Daftari yana cikin shago. Da muka dawo a farkon 2025 mun tarar da shagon, daftarin kuwa ko bangonsa ban gani ba.

Abin da ya cece mu shi ne ɗiyata. Tun kafin yaƙi take da al'adar ta zauna bayan isha ta kwafe abin da aka rubuta a daftari ranar, ta zuba a wayarta. Ina yi mata dariya a lokacin, ina cewa wa ya ce miki takarda tana mutuwa? Yadda wani malaminsu ya nuna musu haka take yi: kowane mutum layi ɗaya, suna, sai waƙafi, gari, sai waƙafi, lambar waya, sai waƙafi, abin da yake binmu, abin da muke binsa, sannan ranar da aka rubuta. Mutum ɗari uku da 'yan kai. Wayar tana cikin jakarta muka yi gudun hijira, da ita muka dawo.

Ƙanena da ke Jidda shi ke da rabin jarin. Ya ce a zuba lissafin a Google Sheets, wato daftarin nan na intanet mai gida-gida, domin shi daga can, ni daga nan, mu riƙa duba abu ɗaya. Yarinya ta buɗe fayil ɗin a waya, nan take sunaye suka jeru kowa a gidansa, abin gwanin sha'awa. Na ce madalla, an gama.

Wata safiya ina bakin shago sai ga wata baiwar Allah da ƙanen mijinta. Mijin manomi ne daga wani ƙauye a yammacinmu, mun daɗe muna hulɗa, Allah ya yi masa rasuwa a wurin gudun hijira ya bar 'ya'ya biyar. Bayan gaisuwa da ta'aziyya ƙanen ya ce, "Alhaji, marigayi ya ce yana da ajiya a wurinka. Mun zo ne mu ji."

Na ciro waya na nemo sunansa. A gidan "yana binmu" na ga 1. A gidan "muna binsa" na ga 250. To a nan sai kun san al'adata: a daftari ba na rubuta sifilai ukun ƙarshe, in na rubuta 250 jine dubu ɗari biyu da hamsin nake nufi. Saboda haka abin da na karanta shi ne marigayi yana bina dubu ɗaya, ni kuma ina binsa dubu ɗari biyu da hamsin. Na san ya taɓa kawo riɗi, amma babban ɗana ne ya karɓa ya sayar lokacin ina kan tafiya, na ɗauka an daɗe da sallamar sa.

Na gyara zama na ce, "Malam, ga abin da ke rubuce. Mu ne muke binsa. Amma saboda Allah da zaman da muka yi, na yafe, kada ku sa wannan a ranku."

Ƙanen ya yi godiya har da sa albarka. Matar ba ta ɗago kai ba. Can ta ce a hankali, "Alhaji, Allah ya saka da alheri. Amma shi dai da bakinsa ya ce mini kuɗin riɗinsa yana wurinka, ya ce in ya mutu in zo." Na ce, "Hajiya, ciwo yakan rikita mutum. Rubutu ba ya ƙarya." Suka tashi suka tafi, ni kuwa na wuni ina jin daɗin na yi aikin lada.

Da dare muna cin abinci na ba da labari. Yarinya ta ajiye cokali ta ce, "Baba, wane ne?" Na faɗi sunan. Ta ce, "Baba, ni na rubuta wannan. A goman ƙarshe na azumi ne, Yaya ya ce mini kuɗin amana ne in rubuta shi cikakke kada a samu ruɗani. Miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da hamsin ne, kuma shi yake binmu." Ta ɗauki wayar ta ja allon zuwa gefe da yatsa. Layin kowa ya ƙare a gida na shida, nasa shi kaɗai ya zarce har gida na takwas. Sannan ta buɗe ainihin rubutun da ta yi tun farko, ga shi nan ɓaro-ɓaro: 1,250,000.

Kun ga abin da ya faru. Waƙafi shi ne wuƙar da kwamfuta ke yanka layi da ita. Ta iske waƙafi biyu a cikin kuɗin, ta yanka shi uku. Ta sa 1 a gidan abin da yake binmu, ta tura 250 gidan abin da muke binsa, ta tura 000 gidan kwanan wata, sauran suka zube can gefe inda allon waya ba ya nunawa sai an ja. Sauran mutane duk a taƙaice aka rubuta nasu, babu waƙafi a ciki, shi ya sa suka tsira. Wanda aka fi kula da nasa, nasa ne ya lalace. Daren nan ban runtsa ba. Na ci haƙƙin marayu, kuma har na karɓi godiya a kai.

Zan dawo kan yadda muka ƙare da su. Bari in fara biyan bashin da ke kaina na bayani, domin tun daga ranar na zauna na koyi abin nan da gaske, yarinya tana koya mini, ƙanena yana ƙara mana ta waya.

Mene ne CSV?

In ka ga fayil da sunansa ya ƙare da haruffa uku, csv, to rubutu ne zalla, babu launi, babu zane, babu lissafin da ke yin kansa. Ma'anar sunan da Turanci ita ce bayanai da aka raba da waƙafi. Kowane layi mutum ɗaya ne ko ciniki ɗaya, kowane waƙafi kuma bango ne tsakanin gida da gida. Layin farko galibi shi ne kanun gidajen. Misali:

suna,gari,kaya,adadi,kuɗi
mai riɗi na ɗaya,Abu Hujar,riɗi,12,900000
mai dawa na biyu,Sinja,dawa,30,750000

Tsohon tsari ne, masu kwamfuta suna aiki da shi tun shekarun 1970, sai a 2005 aka rubuta masa ƙa'ida a wata takarda da ake kira RFC 4180. Google Sheets kuwa a 2006 ya fito. Abin da ya sa tsarin ya daɗe bai mutu ba shi ne sauƙinsa. Fayil ɗin ba shi da nauyi, ana tura shi ta WhatsApp ko da intanet na jan ƙafa, kuma kusan kowace manhajar lissafi tana karanta shi. Mu da muka ga yadda sadarwa ta ɗauke a Sudan a watan Fabrairu na 2024 mun san darajar abin da ke zaune a cikin wayarka ba ya jiran kowa. Bankuna da manhajojin rubuta bashi da kamfanonin dakon kaya da yawa suna ba da bayanansu a wannan tsari, saboda haka ko ba ka neme shi ba wata rana zai zo maka.

Sauƙin nan kuma shi ne haɗarinsa. Fayil ɗin ba ya gaya wa kwamfuta cewa wannan kuɗi ne, wannan lambar waya ce, wannan rana ce. Ita ke yin hasashe, kuma in ta yi kuskure ba ta yin sallama.

Yadda ake shigar da shi

Kuskurenmu na farko shi ne buɗewa a manhajar waya. Ita takan buɗe fayil ɗin kai tsaye ba tare da ta ba ka zaɓin da kwamfuta ke bayarwa ba. In da hali a yi aikin a kwamfuta, ko ta aro ce, ko ta shagon buga takardu. In a shago ne, kada ka manta ka fita daga asusunka kafin ka tashi, ka kuma goge fayil ɗin daga kwamfutarsu, domin asirin mutane ne a ciki.

Ka buɗe daftarinka a Google Sheets. A sama akwai kalmar farko, in allonka da Turanci yake za ka ga File, in da Larabci ne Malaf. Ka danna, ka zaɓi Import, wato Istirad, ka ɗora fayil ɗin daga kwamfuta. Wani ɗan akwati zai fito da tambayoyi uku, kuma a nan ne ake cin riba ko a faɗi.

Tambaya ta farko: a ina za a zuba? Akwai zaɓin sabon daftari, akwai sabon shafi a cikin daftarin da kake ciki, akwai maye gurbin daftarin gaba ɗaya, akwai maye gurbin shafin da ke buɗe, akwai ƙarawa a ƙarƙashin abin da ke nan. Shawarata kullum ka zaɓi sabon shafi. Maye gurbi yana share abin da ka tara. Ƙarawa a ƙarƙashi kuma, in ka manta ka yi sau biyu, kowane mai bashi bashinsa ya ninka. Baƙon kaya a tsakar gida ake sauke shi a duba kafin a shigar da shi rumbu.

Tambaya ta biyu: da me aka raba gidajen? Kwamfuta takan ce a bar ta ta gano da kanta. Gara ka gaya mata da kanka, waƙafi ne ko wata alama dabam.

Tambaya ta uku wani ɗan murabba'i ne da aka riga aka sa masa alama, yana cewa a mayar da rubutu ya zama lambobi da ranaku da lissafi. Wannan shi ne izinin da kake ba ta na yin hasashe. Za mu dawo kansa.

Ramukan da ke kan hanya

Na farko shi ne wanda na faɗa, waƙafi a cikin kuɗi. Maganinsa biyu. Ko dai a rubuta kuɗin tsirara, 1250000, bayan an shigar sai a sa daftarin ya ƙawata shi da waƙafi don sauƙin karatu, ko kuma a kewaye shi da alamar zance, "1,250,000", domin ƙa'idar ita ce duk abin da ke cikin alamar zance gida ɗaya ne ko da waƙafi goma a ciki. Haka ma adireshi. In ka rubuta Sinja, bayan kasuwa, ba tare da alamar zance ba, ka tura duk abin da ke gaba gida ɗaya zuwa gefe, kuɗi ya faɗa gidan rana. Manhajoji masu kyau suna sa alamar da kansu, matsalar ta fi zuwa daga abin da aka rubuta da hannu kamar namu.

Na biyu, sifilin farko. Lambobin wayarmu a Sudan da 09 ko 01 suke farawa, na Najeriya da irin su 080 da 070. Kwamfuta in ta ɗauka lamba ce ta lissafi sai ta jefar da sifilin, tunda a lissafi ba shi da amfani. In da alamar tarawa ka fara, kamar +249 ko +234, ita ma takan tafi. Lambar asusun banki da ta fara da sifili haka take ƙarewa, kuma wannan ya fi muni, don kuɗi kan iya tafiya inda ba a aike shi ba. Doguwar lamba kuwa sai ka ga ta koma wani abu mai harafin E a tsakiya. Daftarin kwamfuta irin Excel lambobi 15 kawai yake riƙewa daidai, abin da ya wuce haka ƙarshensa ya zama sifili, kuma ba ya dawowa.

Maganin shi ne ka cire alamar da ke cikin murabba'in nan na tambaya ta uku. Komai zai shigo yadda aka rubuta shi. Sai dai akwai kuɗin da za ka biya: gidajen kuɗi ma sun zama rubutu, in ka ce a tara maka sai ka ga sifili. Sai ka buɗe sabon layin tsaye kusa da na kuɗi, ka rubuta =VALUE(E2), wato ka ambaci gidan da kuɗin yake, ka ja shi har ƙasa. Wannan sabon layin shi za ka riƙa tarawa. In wannan ya yi maka tsawo, wata dabarar ita ce tun farko ka sa harafi a gaban kowace lambar waya da ta asusu, ko da T ce. Da harafi a gaba kwamfuta ba ta taɓa ta.

Na uku, kwanan wata. Mu rana muke fara rubutawa sannan wata. Amurkawa wata suke farawa da shi. Yarinya ta rubuta 03/04/2024 tana nufin 3 ga Afrilu, wanda ya faɗo a goman ƙarshe na Ramadan na shekarar. Daftarin, da yake a tsarin Amurka aka saita shi, ya ɗauka 4 ga Maris ne, ko azumi ba a fara ba. Abin takaicin shi ne ba dukan ranaku ke juyawa ba. Ranar 25/04 ba za ta juya ba tunda babu wata na 25, sai ta zauna a matsayin rubutu. Sai ka samu layi ɗaya rabinsa daidai rabinsa a birkice, ido ba ya ganewa. Ga mai karɓar bashi a kan wa'adi wannan rigima ce a kwance. Kafin ka shigar da komai, je saitin daftarin, a ƙarƙashin File, ka sauya ƙasar zuwa wadda ke fara rubuta rana, kamar Ingila. Mafi aminci kuma ka saba da rubuta shekara, wata, rana, kamar 2024-04-03. Wannan ba ya ɗaukar fassara biyu.

Na huɗu, haruffanmu. Sunayen abokan cinikina rabi da Larabci aka rubuta, rabi da boko, ga ƙ da ɗ da ɓ. In an adana fayil a tsohon tsarin haruffa, sai sunaye su fito kamar sawun kaji, ko su koma alamun tambaya. Tsarin da ke ɗaukar Larabci da Hausa da Turanci duka shi ake kira UTF-8. Mai adanawa daga Excel ya nemi zaɓin da aka rubuta CSV UTF-8, ya bar ɗayan. In kuma ka buɗe ainihin fayil ɗin ka iske alamun tambaya sun riga sun zauna a wurin haruffa, kada ka wahalar da kanka da gyara, ka ce a sake turo maka daga tushe.

Na biyar ya shafi masu hulɗa da Nijar da Chadi da Kamaru. Kwamfutar da aka saita da Faransanci tana amfani da waƙafi a wurin da muke sa ɗigo, sha biyu da rabi su 12,5 suke rubutawa. Saboda haka fayil ɗinsu da waƙafi mai ruwa ake raba shi, wato wannan alamar. Alamar ka faɗa wannan ramin ita ce ka ga komai ya cunkushe a gida na farko. Ka sake shigarwa, a tambaya ta biyu ka zaɓi alama ta musamman ka rubuta waƙafi mai ruwa. Mu na Sudan muna da irin namu: allon rubutu na Larabci yana ba da waƙafi mai kallon sama, wannan ، kuma a wurin kwamfuta shi da na boko ba dangi ba ne. Lambobin Larabci da muke rubutawa a kasuwa su ma ba kullum ake karanta su a matsayin kuɗi ba. A fayil ɗaya a tsaya a kan waƙafi iri ɗaya da lambobi iri ɗaya.

Na shida ba laifin kwamfuta ba ne, namu ne. Tun da aka sauya kuɗi a 2007, jine ɗaya sabo ya zama daidai da dubu na tsoho, har yau dattawa a kasuwa suna ce wa dubu miliyan. Ni kuma ina yanke sifilai uku. Wani yana auna riɗi da kintari, wani yana ƙirga buhu, dawa kuma ana maganarta da ardab, wanda buhu biyu ne. Ƙanena yana lissafi da riyal. In ba ka buɗe gida na musamman ka rubuta ma'auni da irin kuɗin ba, daftarin zai tara maka riyal da jine da buhu wuri ɗaya ya ba ka jimla, kuma jimlar za ta fito tsaf kamar gaskiya. Da a ce kowane kuɗi cikakke nake rubutawa, da ganin 1 da 250 zan san akwai matsala. Yanzu na daina taƙaitawa.

Awo kafin a ɗaure buhu

Ba na ƙara yarda da shafin da aka shigar sai na yi masa gwaji huɗu, kuma duka ba sa cin minti goma. Ina ƙirga layuka, in mutum ɗari uku da goma na tura, ɗari uku da goma nake so in gani, ban da layin kanu. Ina jan allo zuwa gefe in duba gidan da ke bayan na ƙarshe, daga sama har ƙasa, dole ya zama wayam, in na ga ko abu ɗaya a ciki to wani layi ya fashe. Ina zaɓar layin kuɗi gaba ɗaya in duba ƙasan allo, in ya nuna jimla in gwada ta da wadda na sani, in ƙirga kawai ya nuna to kuɗin rubutu ne bai zama lamba ba. Sannan ina ɗaukar mutum biyar da na san lissafinsu da ka, babba da ƙarami, in duba su ɗaya bayan ɗaya.

Sai abu uku na tsaro. Ainihin fayil ɗin kada a taɓa shi, a ajiye shi yadda ya zo, a yi aiki da kwafi. Shi ne shaidar da ta wanke marigayi. In wani ya yi ɓarna a daftarin intanet, akwai tarihin gyare-gyare a ƙarƙashin File, yana nuna wanda ya sauya abu da lokacin da ya sauya, kuma ana iya komawa baya. Wurin raba daftari da 'yan'uwa, ba kowa ake ba ikon gyara ba, akwai mai kallo kawai, akwai mai sharhi, akwai mai gyara. A wurinmu mai gyara mutum ɗaya ce, yarinyar nan, ni da ƙanena kallo muke yi mu yi magana. Duk ƙarshen wata kuma tana sauke kwafi a waya, tana sane da cewa in an sauke a tsarin CSV shafin da ke buɗe kawai yake ɗauka, saboda haka shafi-shafi take yi. Na kuma sayi sabon daftari mai baƙin bango. Wanda ya taɓa rasa ɗaya ba ya dogara da ɗaya.

Mu koma kan marayu. Da asuba na hau mota zuwa ƙauyensu, da yarinyar da wayarta. Na tara ƙanen marigayi da limaminsu da matar, na ce jiya na yi muku ƙarya ba da sani ba, ga gaskiyar. Na nuna musu rubutun. Matar ta rufe fuska da mayafi ta daɗe ba ta ce komai ba, daga baya ta ce, "Na san bai yi mini ƙarya ba." Ashe abin da ya kwana yana cin ta ke nan, ba kuɗin kaɗai ba. Na sa ta shakkar maganar mijinta ta ƙarshe.

Sai wata matsalar ta taso. Jinen watan Afrilu na 2024 ba shi ne jinen ranar da nake zaune a gabansu ba, kowa ya san yadda kuɗinmu ya zube a wannan yaƙi. In na ƙirga musu miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da hamsin na cika lamba, amma ba zai sayi riɗin da mahaifinsu ya kawo ba. Muka kira babban ɗana a waya ya faɗi adadin kintarin da ya karɓa, muka yi sulhu a gaban liman cewa zan biya kuɗin wannan riɗin a farashin ranar biya. Ba fatawa nake bayarwa ba, kowa ya tambayi malaminsa, ni dai abin da ya ba ni barci ke nan. Ƙanena da na gaya masa bai yi musu ba, ya ce a cire rabi daga kasonsa.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma ta yi magana a kan adalcin mai rubutu. Kakanninmu da suka biyo hanyar gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa Mai Wurno da sauran garuruwan bakin kogin nan, da amana suka yi suna a wurin mutanen ƙasa, har ake ba su ajiya babu takarda. Mu an ba mu takarda, an ƙara mana waya, an ƙara mana daftarin da ake gani daga Jidda da Kano a lokaci ɗaya. Nauyin bai ragu ba. Na ce wa matar nan rubutu ba ya ƙarya, alhali ni ne ban karanta shi har ƙarshen layi ba.

'Yan'uwa, wanda yake da ɗa ko ɗiya mai riƙe masa lissafi a waya, yau da dare ya zauna kusa da su su ja allon nan zuwa gefe tare. In kuma wani ya zo maka da magana ta saɓa da abin da ke allonka, musamman maganar mamaci, ka ce masa ya dawo gobe, ka je ka buɗe tushe. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan yadda ake raba riba da ɗan'uwan da ke wata ƙasa alhali kuɗin ƙasashen biyu ba sa tafiya tare. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu ikon sauke amana, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalam.